Kala huɗu sun ishi allo

Duk wanda ya zo mini da maganar buɗe gidan abinci, tambayata ɗaya ce: da me kake so a san ka? Sai ka ji ya fara jero dafa-duka, sakwara, taliya, farfesu, shawarma, har da kek. Ni kuwa asara nake ji yana lissafawa. Duk kalar da ka ƙara a allo ka ƙara tukunya, ka ƙara gas, ka ƙara mai tsayawa a kanta. Ga mu a Kano, wuta ba ta da alƙawari, abin da ya yi saura da dare sai dai almajirai su yi maka addu'a.

A shagona abu huɗu ne: waina da safe, da rana tuwon shinkafa, shinkafa da miya, sai garau-garau. Ku lura, buhun shinkafar tuwo guda shi ke ba ni waina da tuwo. Miyar taushen da aka ci waina da ita da hantsi, ita ce ke raka tuwo da azahar. Cefane ɗaya, ciniki biyu. Ranar Juma'a kaɗai nake ƙara farfesun kayan ciki, kuma da gangan nake yin kaɗan. Wanda ya zo ya tarar ya ƙare, wani satin tun kafin a sauko daga masallaci zai aiko a ajiye masa.

Miya kuwa kasuwa ce ke zaɓa mini, ba ni ba. Da rani, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya cika 'Yankaba, sai in saki hannu da jar miya, in kuma sayi na shanyawa in tara kauɗa. Damina na sauka kwando zai yi tsada, sai in karkata ga kuka da busasshiyar kuɓewa, waɗanda daddawa da nama suka fi buƙata. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, sun san cewa shagon da ya dogara da jar miya kaɗai yana iya tsayawa cak.

Sai farashi, inda masu sana'armu suka fi cutar kansu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, sai wasu suka koma rage malmala a ɓoye suna barin kuɗin yadda yake. Haba! Mutumin da ke cin tuwonka kullum, hannunsa ya san girman malmalar. Gara ka ƙara kuɗi ka gaya masa gaskiya, sannan ka fito da rabin faranti saboda mai ƙaramin ƙarfi. Kuma a rubuta farashi ɓaro-ɓaro a allo. Magidanci da ya shigo da baƙonsa ba zai so ya tambayi "nawa ne?" a gabansa ba, sai ya wuce inda ya riga ya sani.

Talla ba na kashe mata kuɗi sosai. Da misalin sha ɗaya na safe, lokacin da ciki ya fara magana a ofisoshi da shaguna, nake ɗora hoton tukunyar ranar a WhatsApp, hoton gaske, ba wanda aka kwaso a intanet ba. 'Yan adaidaita sahu kuma ba na yi musu rowar gyara, don baƙo in ya sauka a tasha su yake tambaya ina ake cin abinci mai kyau. Lambar asusu tana manne a bango tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, amma yaran shago sun san doka: sai kuɗi sun shigo wayarmu, ba abin da mai saye ya nuna a tasa ba.

Azumi ma ba na rufewa. Allon nake gogewa, in koma kunun tsamiya da ƙosai da alala daga la'asar. Tun cikin Sha'aban nake zagaya masu hali na unguwa da ke ciyarwa a masallatai, mu yi cinikin abincin buɗa-baki na wata guda, su ba da rabin kuɗi in sayo wake da gero a Dawanau kafin farashinsu ya tashi.