Haƙoran pon da kuɗin gazuwal

A garejojin Damagaram ba a cika tuna pon na baya ba, wato akwatin ƙarfen da ke kai ƙarfin injin ga tayoyin baya, sai ya fara kuka. Mai mota zai zo yana ƙorafin shan mai, a buɗe pampo, a wanke injekta, a canza filta, ya biya ya tafi, bayan mako ya dawo da ƙorafinsa. Na daɗe a hannun maigidana kafin in gane cewa wani lokacin injin lafiyarsa ƙalau, abin da ke cin kuɗin yana kwance tsakanin tayoyin baya.

Cikin pon akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cizon juna: pinyon ƙarami da kardan (dogon ƙarfen da ya taso daga akwatin giya) ke juyawa, da kuron babba da ke juya tayoyi. In kuron na da haƙora 41, pinyon na da 10, sai ka raba, ka sami 4.10. Wato sai kardan ya juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In 39 da 8 ne, 4.88 ke nan. 41 da 11 kuma 3.73. Maigida ba ya yarda da abin da mai sayar da kayan gyara ya faɗa, ko da ya rantse. Yakan ce, "Yaro, ɗauko alli ka ƙirga." Haƙori ɗaya ake shafa wa alli, a bi su da yatsa har a dawo kansa. In pon ɗin na jikin mota kuma, sai mu ɗaga taya ɗaya da jak, mu yi wa kardan alama, mu juya tayar sau biyu cif muna ƙirga zagayen kardan. Abin da ya fito shi ne lambar.

Lissafin ne ya buɗe mini ido. Tayar 7.50R16 da ake sa wa Land Cruiser tana cin kusan mita biyu da rabi a kowane zagaye. A gudun kilomita 80 a awa, tana juyawa wajen sau 530 a minti. A giya ta huɗu, inda kardan ke juyawa daidai da injin, pon mai 3.73 zai sa injin ya yi zagaye kusan 2,000 a minti, mai 4.10 kusan 2,200, mai 4.88 kuwa 2,600. Gudu ɗaya, hanya ɗaya, amma injin na uku yana ta kururuwa yana zuƙar gazuwal. Ladan da yake bayarwa shi ne ƙarfi: a kowace giya, abin da ke isa taya ya fi na 4.10 da kusan kashi 19 cikin 100. Kamar keke mai giya ne a hawan tudu, ƙafa na juyawa da sauri, tafiya kaɗan, amma kana hawa.

Nan ne masu motoci da yawa ke ruɗewa, kuma abin yana damuna, don dukiyarsu ce ke zubewa. Sun ji an ce ƙaramar lamba ba ta shan mai, sai kowa ya ce ita yake so. Gaskiya ne in motar ba ta da nauyi kuma kwalta take bi, kamar mai zirga-zirga tsakanin Zinder da Maradi. Amma a ɗora mata buhunan gero da wake har saman ƙarfe, ko a ɗaura mata tirela, ko a bi da ita yashin bayan Tanut, labari ya canza. Direba ba zai iya zama a giya ta sama ba, zai yini a ta uku yana take totur har ƙasa. Wajen tashi sai ya riƙe kulochi rabi da rabi, kana jin warin ƙonewarsa daga nesa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, allurar zafi ba ta sauka. Man da aka so a tsimi ya ƙone, ga kuɗin farantin kulochi a kai. Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, amma ban ga direban da aka ba lita ɗaya kyauta ba.

Shi ya sa in mutum ya kawo mini pon yanzu, kafin in taɓa sifana nake tambaya: "Alhaji, me take ɗauka, kuma ina take zuwa?" Wasu suna jin kamar bin diddigi nake yi. Amsar ce ke zaɓar haƙoran.

Taya ma tana cikin lissafin. Wanda ya sa tayoyin da suka fi na asali tsayi da kashi 10 cikin 100 ya mayar da 4.10 ɗinsa kusan 3.73 ba tare da ya kwance ƙusa ɗaya a pon ba, kuma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da abin da yake yi. Mota mai jan gaba da baya kuwa, dole lambar pon biyun ta zama ɗaya. In sun saɓa, a yashi za ta ɗan haƙura, a ƙasa mai tauri tana iya fasa ƙaramin akwatin giya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Kuron da pinyon kuma tare ake sayensu, tare ake canza su, don tun daga masana'anta aka goga su da juna.

Manyan motocin da ake kawowa na hannu daga Turai su ne suka fi ba ni tausayi. Da yawansu an yi su ne don shimfiɗaɗɗen titi, nauyin da bai wuce tan 40 ba, gudu a tsaye ƙasa da kilomita 90 a awa, da pon da lambarsa ba ta kai 3 ba. A nan sai a labta musu abin da ya fi haka a tura su Agadas. Masu ƙarin giya a cikin cibiyar taya sun fi jure wannan aiki, ko da yake sun fi ɗan shan mai a kwalta. Kuma ko an canza pon motar ta ja kayan, birkinta da sifirin da shasi suna nan yadda aka ƙera su. Wannan nake faɗa wa kowane mai mota kafin in karɓi aikinsa, ko zai ji haushi ya kai ta wani gareji.