Wace Sigar TypeScript Ce Ke Gina Aikin? Yadda Na Bi Diddiginta

Aikin shafin yanar gizo ne da aka rubuta da TypeScript. A cikin VS Code, editan da nake rubuta kod a ciki, babu jan layi ko ɗaya, amma da na ba da umarnin `npm run build` sai ginin ya tsaya cak da kuskure mai lamba TS1005, wai yana jiran waƙafi a wani layi da babu abin da ya rasa. Da na duba layin sai na ga kalmar `satisfies` a ciki. Wannan kalma ta shigo TypeScript ne a siga ta 4.9, a watan Nuwamba na 2022, kuma duk kwamfailar (manhajar da ke duba kod ɗin TypeScript ta juya shi zuwa JavaScript) da ta girmi wannan siga ba ta san ta ba. Ba za ta ce maka ita tsohuwa ce ba, ƙorafin waƙafi kawai za ta yi. Ke nan edita na karanta kod ɗin da sabuwar kwamfaila, shi kuwa ginin yana tafiya da tsohuwa. Abin da ya rage shi ne in gano wacce ce, kuma daga ina take fitowa.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne `tsc -v`, umarnin da ke tambayar kwamfailar TypeScript sigarta. Na buga, ya ba ni 5.4.5. Wannan amsa ba ta da wani amfani a nan, domin `tsc` da ka kira kai tsaye a taminal shi ne wanda aka girka wa kwamfutar baki ɗaya da `npm install -g`, ba na aikin ba. Umarnin `which tsc` a Linux ko Mac, ko `where tsc` a Windows, zai nuna maka inda yake zaune, kuma za ka ga babu ruwansa da foldar aikin. Dalilin bambancin shi ne, duk lokacin da aka ce `npm run`, npm, manhajar da ke girka kunshin kod na aikin, yakan sa foldar `node_modules/.bin` a gaban sauran wuraren da ake neman umarni. Saboda haka `tsc` ɗin da ke rubuce a cikin `scripts` na aikin daban, wanda ka buga da hannunka daban, duk da sunansu ɗaya.

Daga nan na buɗe `package.json`. A ƙarƙashin `devDependencies` an rubuta `"typescript": "^4.7.4"`. A nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ce sun samu, 4.7.4 ce. To ba haka ba ne. Wannan layi buƙata ce, ba shaidar abin da aka girka ba. Alamar `^` tana nufin a karɓi 4.7.4 ko duk wadda ta zo bayanta matuƙar ba ta kai 5.0.0 ba, wato har 4.9.5 ta halatta. Da alamar `~` ce, da an taƙaita ga gyare-gyaren 4.7 kaɗai. Wannan ya fi muhimmanci a TypeScript fiye da yawancin kunshin npm, domin masu ita ba sa bin ƙa'idar nan ta cewa sai lambar farko ta canza sannan a karya tsohon kod. Tsakanin 4.7 da 4.8, ko 5.2 da 5.3, ana iya tsananta binciken nau'i, wato duba ko nau'in bayanai ya dace da inda aka sa su, har kod ɗin da ya wuce lafiya jiya ya ƙi wucewa yau. Shi ya sa a ganina `^` ba ta dace da wannan kunshi ba ko kaɗan, duk da cewa ita npm ke sakawa da kansa idan ba a hana shi ba.

Fayil na gaba shi ne `package-lock.json`. Na nemi `"node_modules/typescript"` a ciki, layin `version` da ke ƙasansa ya ce 4.8.4. Wannan ita ce sigar da aka kulle, ita ce sabar da ke gina aikin za ta girka idan tana amfani da `npm ci`. Amma ko ita ma alƙawari ne na abin da za a girka. Abin da ke kwance a kan faifai a yanzu sai an tambaye shi kai tsaye:

`node -p "require('typescript').version"`

Wannan umarni na fi yarda da shi, domin yana loda kunshin ne ta hanyar da sauran kayan ginin ke loda shi. Idan ka maye gurbin abin da ke cikin alamun zance da `require.resolve('typescript')` sai ya faɗa maka ainihin foldar da ya ɗauko shi. Wannan na biyun yana da amfani sosai a ma'ajiyar da ta ƙunshi ayyuka da yawa, inda Node ke hawa sama folda bayan folda yana neman `node_modules`, har ya ɗauko kwamfailar uwar folda alhali kana zaton ta ƙaramin aikin ce. Dole ka tsaya a cikin foldar da ginin ke gudana kafin ka buga shi. A wurina ya ce 4.8.4, daidai da fayil ɗin kulle, kuma ƙasa da 4.9. Asalin matsalar ke nan. Wanda ya rubuta layin `satisfies` editansa bai yi masa gargaɗi ba, domin VS Code na zuwa da tasa TypeScript ɗin a ciki, kuma da ita yake duba kod sai fa in an ce masa ya yi amfani da ta aikin.

`npx tsc -v` ma yana ba da sigar aikin, kuma ya fi sauƙin tunawa, sai dai yana da tarko. Idan ba a girka TypeScript a foldar ba, npx zai nemi ya sauko da wani kunshi mai suna `tsc` daga rumbun npm, wanda ba shi ne kwamfailar Microsoft ba, sunan kunshin gaskiya `typescript` ne. Duk lokacin da npx ya tambaye ka izinin girka wani abu a wannan mataki, ka ce a'a, ka koma ka yi `npm ci` tukuna.

Ban tsaya nan ba, sai da na buga `npm ls typescript`. Shi yana zana bishiyar duk kunshin da ke dogaro da TypeScript. Inda ka ga `deduped` to kwafi ɗaya ake rabawa, babu damuwa. Inda ka ga wata lamba daban ba tare da wannan kalma ba, to wani kunshi ya shigo da tasa kwamfailar ya ɓoye ta a cikin `node_modules` ɗinsa, kuma idan shi ne ke yin ginin, sigarsa ce ke aiki ba wadda ka rubuta ba. `npm explain typescript` zai faɗi wanda ya jawo ta. Masu Yarn su ce `yarn why typescript`, masu pnpm su ce `pnpm why typescript`.

Kada `tsconfig.json` ya ruɗe ka. Layin `"target": "ES2020"` yana faɗin irin JavaScript ɗin da za a fitar ne, ba sigar kwamfaila ba. Iyakar abin da fayil ɗin zai ba ka shi ne alama: idan ka ga `"moduleResolution": "bundler"`, to an rubuta shi ne don 5.0 ko sama, domin a nan zaɓin ya fara, a Maris na 2023.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin duk wannan: shin `tsc` ne ma ke juya kod ɗin zuwa JavaScript? A ayyuka da yawa na yanzu ba shi ba ne. Babel da esbuild da SWC suna cire bayanan nau'i ne kawai su wuce, ba sa duba daidai ne ko ba daidai ba. Next.js ya koma SWC tun siga ta 12, Vite kuma ba ya binciken nau'i da kansa, shi ya sa ake haɗa shi da `tsc` a umarnin gini. A irin wannan aiki, sabuwar kalma kamar `satisfies` tana buƙatar abubuwa biyu su san ta, da kwamfailar da ke bincike da kuma na'urar da ke juyawa. Sai ka karanta layin `build` a cikin `scripts` ka ga wa ake kira, sannan ka bi shi da `npm ls` kamar yadda ka bi TypeScript. Angular kuwa nasa da tsauri: `ng version` zai jero maka sigogin, kuma kowace sigar Angular tana da iyakar da ta yarda da ita. Angular 17.0, misali, sai TypeScript 5.2, in ka kawo 5.3 zai ƙi gini ya faɗa maka dalili. Kafin ka ɗaga kwamfaila a aikin Angular, duba wannan iyaka.

Gyaran da na yi bai da yawa. Na buga `npm install --save-dev --save-exact typescript@4.9.5`, wanda ya rubuta lambar ba tare da `^` ba, na tura `package.json` da `package-lock.json` tare cikin Git. Na zaɓi 4.9.5 maimakon tsallakawa zuwa 5 ne saboda jerin 4.9 ne mafi kusa da ke gane `satisfies`, don haka sababbin kurakuran da za su ɓullo ba za su yi yawa ba. Ƙaura zuwa 5 aiki ne na daban da ke son nasa lokacin.

Sai editan. A cikin `.vscode/settings.json` na sa `"typescript.tsdk": "node_modules/typescript/lib"`. Wannan layi shi kaɗai ba ya canza komai, domin VS Code ba ya gudanar da kod daga foldar aiki sai da amincewar mai shi. Kowane mai aiki sai ya buɗe fayil ɗin `.ts`, ya danna Ctrl+Shift+P, ya nemi `TypeScript: Select TypeScript Version`, ya zaɓi `Use Workspace Version`. Idan aka ƙara `"typescript.enablePromptUseWorkspaceTsdk": true`, editan da kansa zai tambayi duk wanda ya buɗe aikin. Allon zaɓin nan ma yana nuna lambobin biyu gefe da gefe, ta editan da ta aikin, don haka hanya ce mai sauri ta ganin ko sun saɓa.

Na kuma sa `tsc -v &&` a farkon umarnin `build`, ta yadda layin farko a rahoton kowane gini, a kwamfutar mutum ko a saba, zai zama lambar sigar da ta yi aikin. Ga masu tsofaffin ayyukan ASP.NET a Visual Studio, wurin dubawa daban ne: a buɗe fayil ɗin `.csproj` a nemi `TypeScriptToolsVersion`, ko a duba sigar kunshin NuGet mai suna `Microsoft.TypeScript.MSBuild`, domin idan yana nan shi ne ke yin ginin.