Kai baƙi gonakin inabin Mosel a lokacin kaka

Motoci biyu gare ni, kowacce tana cin fasinja takwas. Akwai direba ɗaya da nake biya albashi, sai uwargida da ke riƙe da littafin kuɗi, ita ce kuma mai amsa waya. Iyakar kamfanin ke nan. Muna zaune a Koblenz ta ƙasar Jamus, daidai inda kogin Mosel ya zo ya faɗa cikin Rhine, aikinmu kuwa shi ne mu ɗauki baƙi mu zaga da su kwarin kogin, daga nan har birnin Trier. Mafi yawan abin da muke ci a shekara yana shigowa ne tsakanin farkon Satumba da ƙarshen Oktoba.

Duk wanda ya san Mosel da giya ya san shi, ba na ɓoye wa kowa wannan. Ni ba na sha, ba na kai mutane ɗanɗano, ba na ɗauko kwalabenta a mota. In baƙo ya kira yana son a zaga da shi rumbunan giya, sai in ba shi lambar wasu abokan sana'a Jamusawa, mu rabu lafiya. Wannan ya rage mini kasuwa sosai, kuma na yarda da hakan tun farko. Baƙina su ne waɗanda sauran ba su san yadda za su yi da su ba: iyalai daga ƙasashen Larabawa, Turkawa da suka zo ganin 'yan'uwa, mutanen Malesiya, da namu na Najeriya da Nijar da suka zo taro a Bonn ko baje koli a Frankfurt, suka samu yini guda babu aiki. Suna son ganin kogi da duwatsu da tsofaffin fadoji, suna son ganin yadda ake noma a nan, suna kuma son wanda zai gaya musu gaskiyar abin da ke cikin faranti da kofi.

Kafin mu isa gona ta farko nakan yi wa baƙi bayanin sanyi, domin shi ne ya tsara komai a wannan kwari. Mosel yana can arewa, wajen digiri 50 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kusa da iyakar inda inabi ke yarda ya nuna. Da a fili aka shuka shi, shekaru da yawa da bai kai labari ba. Shi ya sa manoma suka hau gangaren duwatsun da ke fuskantar kudu, inda rana ke bugawa kai tsaye. Ƙasar wurin ma ba ƙasa ba ce sosai, baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle, yana shan zafin rana da yini ya riƙa sake shi da dare. Kogin kuma yana mayar da haske sama, yana rage kaifin sanyi. Gonakin yankin sun kai kimanin hekta 8,500, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa irin da ake kira Riesling ne, wanda ke nuna a hankali, ba ya gaggawa. Saboda haka girbinsa kan faro ne daga ƙarshen Satumba ya ratsa Oktoba, a wasu gonakin har ya leƙa Nuwamba. Ba jiya aka fara ba. Rumawa ne suka kafa Trier fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a garin Piesport kuma an tono wuraren da suke matsar inabi, har yau ana iya zuwa a gani.

Abin da ake saya a wurina, in an duba da kyau, ba mota ba ce, sanin lokaci ne. Kowa yana iya hayar mota ya bi taswirar waya. Amma waya ba za ta gaya maka cewa a watan Oktoba hazo kan kwana cikin kwarin ba, ya rufe kogi da garuruwa ruf, sau da yawa ba ya tashi sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya. Wanda ya yi sammako ya bi bakin ruwa ba abin da zai gani sai fitilun motar gabansa. Ni da safe sama nake hawa da baƙi, mu tsaya kan tudu cikin rana, hazon yana ƙarƙashinmu fari fat, sai ƙololuwar fadar Cochem ta ɓullo daga cikinsa. In ya yaye sai mu sauka. Daga Koblenz zuwa Trier ta babbar hanya tafiyar awa ɗaya da rabi ce, amma ta bakin kogi kusan kilomita 190 ne saboda yawan lanƙwasa, kuma duk wanda ya ce zai gama da kai a yini ɗaya ka ga komai, wahalar da kai kawai zai yi. Nakan zaɓi yanki guda mu zauna a cikinsa.

Akwai kuma agogo. A farkon Oktoba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe bakwai, amma ranar Lahadin ƙarshe ta watan ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ka ga magariba ta yi da ƙarfe biyar da 'yan mintuna. Azahar da la'asar su matso kusa da juna. Akwai masallatai a Koblenz da Trier da Wittlich, amma a ƙananan garuruwan bakin kogi sai dai dabara, don haka darduma da jarkar ruwan ɗumi ba sa fita daga but ɗin motocina, kuma na san wuraren tsayawa masu tsabta da ba za a takura wa kowa ba.

Tambayar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ake yi tun watan Yuni: "Malam, wace rana ganye zai zama ruwan ɗorawa?" Yawanci daga tsakiyar Oktoba ne zuwa ƙarshensa, amma ba ni da ikon yin alkawari. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kakkaɓe rabin ganyen. Tsofaffin manoma kuma suna faɗa cewa girbi ya matso gaba idan aka kwatanta da zamanin iyayensu, domin bazara ta ƙara zafi. Abin da nake yi shi ne in karɓi kafin alƙalami kaɗan, in bar wa baƙo damar ɗaga rana in yanayi ya ɓaci. Wani lokaci ni nake kira in ce kada a zo gobe, a bari sai jibi. Nakan yi asarar yini, amma wanda ya ga kwarin a rana mai kyau shi ke turo mini danginsa.

Wurin da ba na tsallakewa shi ne Calmont, tsakanin Bremm da Ediger-Eller. Gangarensa ya kai digiri 65 a wasu wurare, ana lissafa shi gonar inabi mafi tsayuwa a Turai. Daga ƙasa sai ka ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa kafin ka hango masu tsinka. Akwai wani manomi a yankin da muka saba, yakan bar ni in hau da baƙi biyu ko uku zuwa layin farko, in dai sun sa takalmin kirki. A nan ne mutum yake ganin aikin da idonsa. Mai tsinka yana tsaye ƙafa ɗaya sama ƙafa ɗaya ƙasa, dutse yana zamewa ƙarƙashinsa, almakashi a hannun dama. Ya kama nonon inabi da hagu, ya juya shi, ya duba, ya ƙwaƙule 'ya'yan da suka ruɓe da bakin almakashin, sannan ya jefa a bokiti. Yatsunsa sun yi baƙi, suna danƙo da zaƙi, ga sanyin safiya ya sa sun ƙage. In bokitai sun cika a juye a babban mazubin da wani ke goye da shi a baya, ko a ɗora a ɗan jirgin da ke hawa kan dogo guda mai haƙora, injinsa yana ƙara yana rarrafawa sama. Tarakta ba ta hawa nan. Kowace bishiya tana da sandarta, an lanƙwasa rassanta biyu an ɗaure, kuma duk shekara sai hannu ya taɓa kowacce sau da yawa.

Yawancin masu tsinkar daga Romaniya da Polan suke zuwa, su yi makonni su koma. A shekarar 2025 mafi ƙarancin lada a Jamus Yuro 12.82 ne a awa, kuma gonar gangare tana cin awoyi ninki-ba-ninki fiye da ta fili, inda inji ke girbe hekta cikin ɗan lokaci. Wannan lissafin ne ya sa za ka ga gona gyararriya, kusa da ita kuma wata ta zama sarƙaƙiyar ƙaya, mai ita ya tsufa, 'ya'ya sun tafi birni. Abin yana damuna ƙwarai, kuma ba don kasuwata kaɗai ba. Katangun dutsen da ke riƙe da waɗannan gonaki mutane ne suka jera su da hannu, in aka bar su suka zube, da wuya a samu mai sake ɗora su.

Saboda haka ina da ƙa'idoji biyu da nake faɗa tun a mota. Ba a tsinkar inabin bakin hanya, ko da ƙwaya ɗaya ce, dukiyar wani ce, kuma in ka roƙa yawanci za a ba ka nono guda da fara'a. Na biyu, tarakta ita ke da hanya. Kaka ba lokacin hira ba ne a wurin manomi, ko a ina yake. Inabin da aka tsinka dole ya isa wurin matsa da wuri, musamman in ana hango ruwan sama, don haka direbana ya san ba a ajiye mota a bakin hanyar gona don ɗaukar hoto, ko da Alhaji ya matsa. Wannan ladabin ne ya buɗe mini ƙofofin da kuɗi ba sa buɗewa.

Batun ci da sha shi ne inda na fi sa ido. A kaka ko'ina za ka ga an jera kwalabe a ƙofar gida ana sayar da wani abin sha da ake kira Federweisser. Fari ne, gauraye, kamar kunun zaƙi, ga daɗi a baki. Wata rana a Bernkastel-Kues na juyo sai na ga wata Hajiya daga Kano ta riga ta biya ta rungumo kwalba biyu, tana cewa za ta kai wa jikoki. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, wannan ba na yara ba ne, ba naki ba ne kuma." Ta ce, "Haba Malam, ai ruwan inabi ne, yanzu aka matso shi." Sai na nuna mata murfin, wanda ba a ɗaure shi gam ba, da ƙananan kumfa da ke tasowa daga gindin kwalbar. Ruwan ya riga ya fara tsima, yana kan hanyar zama giya, shi ya sa ake barin murfin sako-sako don iska ta fita, in ba haka ba kwalbar ta fashe. Ta ce, "Innalillahi, Allah ya saka da alheri, ɗana." Mai sayarwar ta karɓi kayanta ba gardama, ta musanya mata da Traubensaft, wato ruwan inabin da aka dafa aka rufe tun bai tsima ba. Wainar albasar da ake ci tare da Federweisser kuwa, Zwiebelkuchen, kusan kullum da naman alade a ciki. Miyar da aka rubuta Riesling a sunanta da giya aka dafa ta. Akwai wani jan ɗan itace, fic, da ake shukawa a tsakanin gonaki, yana nuna a Satumba, ana yin jam da shi mai daɗin gaske, amma ana yin barasa da shi ma, kuma kwalaben suna zaune kan kanta ɗaya. Ni nake karanta takardar jikin kowanne kafin a saya. Abincin rana kuma na riga na shirya shi da gidajen da na sani, kifi ko wainar dankali da miyar tuffa, na tambayi har irin man da ake suya da shi.

Ɓangaren da baƙo ba ya gani shi ne takardu. Ɗaukar fasinja don kuɗi a Jamus yana buƙatar izinin hukuma ga kamfani, da lasisi na musamman ga direba bayan gwajin lafiya da na ido, motocin kuma duk shekara sai an kai su duba. Inshora tana da tsada. Da Oktoba ta kama nake sauya tayoyi zuwa na sanyi, domin hanyoyin tudu suna santsi da jiƙaƙƙen ganye da ruwan inabin da ke ɗiga daga tireloli. Sai kogin kansa. A jikin gidajen Cochem da Zell akwai zane-zanen da ke nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa, na Disambar 1993 yana sama da kan mutum. In Mosel ya cika, hanyar bakin ruwa ake fara rufewa. A watan Yulin 2021 ambaliyar kwarin Ahr, maƙwabcinmu ta arewa, ta kashe mutum fiye da 130, tun daga lokacin ba na fita da baƙi sai na duba ma'aunin ruwa da safe.

Fadar Eltz, wadda ke hannun zuri'a ɗaya fiye da shekara 850, tana rufe ƙofa a farkon Nuwamba, jiragen ruwan yawon buɗe ido ma su rage zirga-zirga. Daga nan sai mu koma jigilar filin jirgin Frankfurt da na Kolon, muna jiran kasuwannin Disamba. A wannan tsakanin ne nake zama da manomin nan na yankin Calmont mu yi maganar baɗi. Baƙina suna sayen ruwan inabi da yawa har ya fara ware wani yanki na gonarsa don shi kaɗai, ana tsinkarsa da wuri tun da sauran ɗan tsami. Bana na roƙe shi ya ƙara yawan abin da zai ajiye mini. Ya ce ba zai sa hannu a kan adadi ba sai watan Mayu ya shiga, domin a Afrilun 2024 sanyin dare ya ƙone tohon inabi a gonaki da yawa na yankin, kuma bai manta ba. Mun tsayar da farashi, adadin kuwa mun bar shi sai ya kira ni.