Hoton ƙwaƙwalwa

Yau a Yamai na kai wa wani mai shago ƙaramar manhajar lissafin kaya da na rubuta masa da Python, wani yaren rubuta manhaja. Kwamfutarsa ba ta da Python, ga intanet na tafiyar hawainiya. Sai na ɗaure masa komai da PyInstaller, mai haɗa manhaja da Python ɗin kansa, ya zama fayil ɗaya. Ya danna, ta buɗe, ya ce: "Ƙanena, Allah ya yi albarka."

Amma hankalina ya tafi kan dabarar mutanen da, wadda har yau take burge ni. A da, a Perl, wani yaren rubuta manhaja, in ka sa zaɓin -u wajen tayar da ita, manhaja za ta loda, sai ta zube duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a fayil, wato hoton ƙwaƙwalwa. Daga nan wata manhaja mai suna undump ta mayar da fayil ɗin manhaja mai tashi da kanta, ba sai an sake fassara rubutun ba. Emacs, manhajar gyara rubutu, ma haka ya yi shekara da shekaru da tasa hanyar mai suna unexec.

Tsaro ne ya karya dabarar. ASLR, wani matakin tsaron kwamfuta, yana sauya adireshin ƙwaƙwalwa duk tashi, hoton jiya ba ya zama daidai yau. A 2020, Emacs 27 ya koma sabuwar hanyar ajiya. Ni dai wallahi ina son a nuna wa ɗalibanmu wannan a aji.