Talata, zama da malamai a ɗakin kwamfuta

Hazo ya sauko sosai yau. Na bar Kawo da sassafe don in riga cunkoson masu kai yara makaranta, na isa ofis na tarar babu wuta, amma batiran sola a cike suke tun jiya, za su riƙe mu har azahar.

Aikin sashenmu shi ne taimaka wa malaman jami'a su koyar da kayan zamani: ɗora darasi a Moodle, manhajar da malamai ke sa wa ɗalibai darussa ta intanet, shirya gwaji ta intanet, naɗar lacca a murya ko a bidiyo. Zaman yau na malaman tarihi ne da na harsuna. Tun makon jiya na roƙe su kowa ya zo da handawut ɗinsa na wannan zangon, ainihin wanda ke yawo a wayoyin ɗalibai, kada a gyara komai saboda mu.

Ban kunna majigi ba. Sifika kawai na jona, na buɗe NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskar kwamfuta. Kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka gina ta, tun 2006 ake aikinta. Wani Dakta daga sashen tarihi ya miƙo filashinsa, na buɗe handawut ɗin. Muryar ta faɗi sunan fayil ɗin, daga nan ta yi tsit.

"Malam, ko sifikar ce ta lalace?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Dakta. Babu rubutu ne a ciki."

Ya taso ya leƙa. Ga shafuka nan cike da bayani, da hannunsa ya rubuta su. Sai dai an buga su a takarda ne, wani ya ɗauke su hoto da waya a shagon fotokwafi, aka haɗa hotunan aka mai da su PDF. Mai ido yana ganin kalmomi, manhaja kuwa hoto take gani. Ga makaho, tamkar an ba mai jin yunwa hoton tuwo ne.

Dakta yana da ɗalibi makaho a aji biyu. Ya ce yaron bai taɓa kawo ƙorafi ba, kuma yana cin jarrabawa. Wata Hajiya da ke koyar da adabi ta ce ta san shi. Abokin ɗakinsa ne ke karanta masa da dare, shi kuma yana naɗa a waya. In jarrabawa ta matso, abokin na da nasa karatun, sai a ga yaron yana bin mutane yana neman mai karanta masa ko shafi biyu. Dakta ya koma kujerarsa ya zauna, ya ce, "Wallahi ban sani ba." Na yarda da shi. Yawancin malamanmu ba mugunta ke sa su haka ba, ba a taɓa zaunar da su an nuna musu ba ne.

Muka yi sa'a asalin fayil ɗin Word na nan a kwamfutarsa. Gyaran bai da wani tsada. Maimakon ya ƙara wa kanun babi girma ya yi musu baƙi da hannu, sai ya zaɓi salon kanu da ke cikin Word ɗin kansa. Da zarar an yi haka, mai amfani da NVDA na iya danna harafin H ya yi ta tsallakawa daga babi zuwa babi, kamar yadda mai ido ke kai dubansa inda yake so. Inda muka daɗe shi ne kan taswira. Akwai wurin da ake rubuta bayanin hoto, wanda manhajar za ta karanta a madadinsa. Dakta ya rubuta "taswira" zai wuce. Na tambaye shi me yake so ɗalibi ya ɗauka daga wannan taswirar ranar jarrabawa. Ya ɗan yi tunani, ya goge, ya rubuta cewa hanyar fataken goro ce daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gonja, arewacin Ghana ta yau, ya kuma jera manyan zangunan da ayari ke yada zango. Da muryar ta karanta, shi da kansa ya ce bayanin ya fi wanda ya saba yi a aji.

Waɗanda asalin fayil ɗinsu ya ɓata na nuna musu yadda Google Docs ke zaro rubutu daga hoto. Yana aiki, amma dole a bi shi layi-layi, musamman in hoton ya karkace ko inuwar hannu ta faɗa a kai.

Matsalar Farfesan Hausa daban ce, kuma ita ta fi taɓa ni. Dattijo ne, ya koyar da wasu daga cikin malaman da ke zaune a ɗakin. An buga takardunsa shekaru da yawa da suka wuce da irin tsofaffin haruffan da ake saka wa kwamfuta musamman don Hausa. A kwamfutarsa komai daidai yake, amma in takardar ta shiga wayar ɗalibi, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma baka da wasu alamomi. Ɗalibai masu ido sun saba, suna cankar kalmar. Manhaja ba ta canka, sunan alamar take faɗa a tsakiyar kalma. Muka yi amfani da nemo-ka-musanya, muka mai da kowace alama harafinta na Unicode, wanda kowace waya ke ganewa. Na kuma nuna masa allon rubutun Hausa na Gboard a wayarsa. Duk da haka muryar da ke kan kwamfutocinmu ta Turanci ce, da lafazin Turanci take karanta Hausa, ba ruwanta da karin sauti ko tsawon wasali. Farfesa ya saurari baiti guda ya ɗaga hannu.

"Yaro, kashe abin nan. Waƙa ba a yi mata haka. Ni zan karanta musu da bakina."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, abin da nake shirin roƙo ke nan."

Muka shiga ƙaramin ofis muka rufe ƙofa, ya naɗi minti goma a wayarsa. Fayil ɗin bai kai megabayit 5 ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Bidiyon awa guda na iya cinye datar da ɗalibi ya saya don mako. Shi ya sa nake ba da shawarar gajeren sauti tare da rubutunsa: makaho ya saurara, kurma ya karanta, wanda ke zaune a Rigasa ko Mando ya sauke a manhajar Moodle lokacin da yake makaranta, ya buɗe a gida ba tare da intanet ba.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wani matashin malami ya ce ɗalibansa ɗaruruwa ne, ga takardun gwaji jibge ba a duba ba, ga masu rubuta kundin kammala digiri, yanzu kuma an ƙaro masa aiki babu ko alawus. Gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba. Na ce kada ya taɓa tsofaffin takardu, ya fara da na mako mai zuwa kawai, mu kuma a sashenmu za mu ɗauki nauyin gyaran na baya a hankali. Wani kuma ya ce in ya ɗora komai a intanet, ɗalibai za su daina zuwa lacca. A ganina ajin da karanto handawut kaɗai ake yi a cikinsa shi ne zai watse. Wanda ake muhawara a cikinsa ba ya rasa mutane.

Na tuna musu cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019, kuma wa'adin shekara 5 da aka ba gine-ginen gwamnati su gyara hanyoyin shiga ya riga ya cika. JAMB ma tun 2017 take da rukuni na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa. Ke nan yaran nan za su ci gaba da shigowa, kuma ajinmu za su zauna.

Bayan la'asar ɗalibin ya zo, Dakta ne ya aika aka kira shi. Ya jingine sandarsa a bango, na tura masa sabon fayil ɗin. Ya kara wayar kusa da kunne yana shafa fuskarta da yatsa, TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskar waya, na zuba magana da saurin da ni ko kalma ɗaya ban kama ba. Da ya iso kan taswirar sai ya tsaya, ya mayar baya ya sake ji. Ya ce tun aji ɗaya ake ambaton taswirori, yau ne ya fara sanin abin da ke cikin ɗaya.

Dakta ya tambaye shi ko akwai wani abin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abu biyu ne. A riƙa turo takardar kafin lacca, don in shigo aji na riga na ji ta. Sannan in malam na nuni a allo, ya faɗi abin da ya nuna. In aka ce wannan ya haifar da wancan, ni ban san wanne ne wannan ba." Dakta ya ciro biro ya rubuta a bayan ambulan. Ni ma na sa shi a farkon takardar shawarwarin da muke raba wa malamai.

Alhamis malaman lissafi da kimiyya ne za su zo. Yawancinsu hoton lissafin suke mannawa a takarda, don haka gobe zan zauna in shirya misalai da kayan rubuta lissafi na cikin Word, in gwada kowanne da NVDA kafin su iso. Sai kuma in rubuta takardar neman belun kunne, domin guda biyu kacal suka rage masu aiki a ɗakin.