Ɗan toshin lagireto da ya ja mini ƙonewar inji

Ƙannena masu koyon gyaran mota, da ku yaran mota da ke bin manyan direbobi, akwai wani ɗan abu a gindin lagireto da bai kai babban yatsa girma ba. Shi ake kwancewa in za a zubar da ruwan inji. A garejinmu toshi muke ce masa. Ina shekara ta 3 a hannun maigidana na yi masa ganganci, kuma har yau in na tuna ranar sai na ji nauyi a ƙirjina.

Wani Alhaji ne ya kawo motarsa kanta da yake ɗaukar tumatir daga Kwanar Gafan, ya ce ruwan lagireto ya yi jajir da tsatsa, a zubar a wanke. Maigida zai shiga Ƙofar Ruwa sayen kaya, sai ya bar mini aikin. Na kwanta ƙarƙashin mota, na murza toshin da hannu, ya ƙi motsi. Na ɗauko filaya na damƙe kunnuwansa, ya kwance. Na wanke, na mayar, na cika ruwa. Sai ga ɗigo, ɗis, ɗis, a kan ƙasa.

A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne. A tunanina duk abin da ke yoyo ƙarin ɗauri yake so. Na sake kama filaya na ƙara murzawa, sai na ji ƙas, 'yar ƙara kaɗan kamar an karya tsinken tsire. Wuyan toshin ya tsage.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, irin wannan toshi na filastik ba haƙoransa na murzawa ne ke tare ruwa ba. Wani ɗan zoben roba ne mai laushi a jikinsa. Shekaru da zafin inji sukan busar da zoben, ya baje, ya tsattsage. In ya kai haka, ko da ƙarfin ƙato goma ka ɗaure ba zai daina zuba ba. Magani shi ne a sa sabon zobe, a share mazauninsa daga tsatsa da yashi, a ɗan jiƙa shi da ruwan lagireton, a murza da yatsu har ya zauna. Da na ɗaga toshin nan na dube shi a hasken rana minti ɗaya, da na ga zoben ya mutu.

Tsoron faɗan maigida ya sa na aika aka sayo gam, na haɗa da toka na shafe wurin. Ya bushe ya yi tauri, ɗigo ya tsaya. Na tada mota minti 2 na kashe, na leƙa, ƙasa a bushe. Alhaji ya zo ya biya, direbansa ya ja mota. Ban ce wa kowa komai ba.

Ku riƙe wannan da kyau: lagireto mai sanyi ba ya nuna gaskiyarsa. In inji ya ɗau zafi, murfin lagireto yana riƙe matsi na kusan "bar" 1 a ma'aunin matsi, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Matsin nan kuwa yana neman duk inda ya yi rauni. Washegari, da kwandunan tumatir cike da mota, cikin zafin watan Maris, kafin su kai Zariya gam ɗina ya ɓare. Ruwa ya tsiyaye a titi suna tafe. Direba ya rantse allurar zafi ba ta hau sosai ba, kuma na yarda da shi, domin in ruwa ya ƙare na'urar da ke auna zafi ba ta cikin ruwa, sai ta ruɗi mutum. Sai da inji ya fara ƙara da wari ya tsaya. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Tumatir ya wuni a rana a bakin hanya.

Da aka janyo motar, maigida ya kwanta ya ga tokar da gam. Bai zage ni ba. Ya ce, "Yaro, toshin nan kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Ina Ƙofar Ruwa lokacin, da ka kira ni da na taho da shi a aljihu." Shi ya ɗauki rabin kuɗin gyaran, ya je har gida ya ba Alhaji haƙuri, ni kuma ina tsaye a bayansa kaina a ƙasa.

Shi ya nuna mini yadda ake fitar da guntun da ya karye a ciki. Ka gasa bakin sukundireba a wuta, ka danna shi cikin guntun filastik ɗin ya nutse kaɗan, ka jira ya huce ya kama, sannan ka juya a hankali. Kada ka sa guduma, kada ka huda da ƙusa, don in haƙoran ramin toshin suka lalace to lagireton gaba ɗaya ka taɓa.

In kuwa ka tarar da toshi ya kafe tun farko, ba dole sai ta nan ruwa zai fita ba. Saki tiyon ƙasa, ruwan zai zubo har ya fi sauri, ya kwaso dattin da ƙaramin rami ba zai fitar ba. Tsofaffin manyan motoci masu lagireton tagulla nasu toshin ƙarfe ne, mazauninsa kuma da dalma aka liƙe shi. Wannan mai yake so da haƙuri, kuma ka tokare gindinsa da sifana kafin ka murza, in ba haka ba ka yage dalmar sai wajen mai walda.

Kada ka taɓa toshi ko murfi inji na da zafi. Na ga hannun da ruwan lagireto ya saluɓe, ba abin gani ba ne. Ruwan nan mai launi da ake zubawa don hana tsatsa kuma guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, don haka a tare shi a bokiti a rufe, kada akuya ko ƙaramin yaro ya kai gare shi. Shi ne dai ya kamata a riƙa zubawa, domin ruwan rijiya tsura shi ke tara tsatsar da ke kafe toshin.

Yanzu duk motar da na taɓa wa lagireto, nakan shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashinta, in bar inji ya yi ta aiki har tiyon sama ya yi zafi, alamar ruwa ya fara zagayawa. In kashe, in jira ta huce, in ƙara ruwan da ya ragu, in janyo kwalin in duba. Ko ɗigo ɗaya na gani, mai mota zai ji daga bakina kafin in miƙa masa makulli.