Ta ƙofar sharar fage na shiga injiniyancin gine-gine

Makin da na samu a jarrabawar JAMB bai kai na shiga tsangayar injiniyanci ba. Gurbin da ya samu a wani fanni ne da ba ya raina, ni kuwa tun ina sakandare hanyoyi da gadoji ne a kaina. A gida an kasu biyu. Baba yana ganin in karɓi abin da ya samu kada in zauna, yayana kuma ya ce akwai hanyar IJMB, wato karatun sharar fage da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da jarrabawarsa tun a shekarun 1970. Maganar yaya aka bi, kuma har yau ina yi masa addu'a a kan wannan shawara.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Darussa uku ake ɗauka, mai son injiniyanci lissafi da fiziks da kemistiri ne nasa. Ana yin karatun cikin ƙasa da shekara guda, a zauna jarrabawa, sannan a sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB a nemi aji biyu a jami'a. Digirin injiniya a Najeriya shekara 5 ne, don haka wanda ya dace bai yi asarar shekara ba, aji ɗaya kawai ya yi a wani wuri. Amma babu wanda ya yi maka alkawarin gurbi. A jami'o'in Ingila da yawa shekarar sharar fage tana cikin digirin ne, in ka ci ka wuce aji na gaba a jami'ar da kake. A nan kuwa kana iya cin makinka ka sake shiga layin masu nema, kuma na ga abokai masu ƙoƙari da suka ci, aka tura su wani sashe dabam saboda guraben injiniyan gine-gine sun cika. Duk wanda zai bi hanyar nan ya kamata a faɗa masa wannan tun kafin iyayensa su biya kuɗin makaranta.

Abin da mutane ba su cika gani ba shi ne irin ramin da ɗalibi yake fitowa da shi daga sakandare. Ina da kiredit a fiziks, amma a makarantarmu malamin darasin ya bar aiki muna aji biyar, ba a kawo wani ba sai dab da jarrabawa. Ɗakin gwaje-gwajen kuma a kulle yake mafi yawan lokaci. Mun haddace dokokin Newton guda uku kamar karatun allo, muna iya rubuta su babu kuskure, amma da za a nuna mana tsani a jingine da bango a ce ina ne ƙarfi yake turawa, ina yake ja, da shiru za a ji. A sharar fage ne na fara riƙe abin awon kaurin waya da hannuna, na fara auna lilon ƙarfe da agogo, na ga cewa in ka auna abu sau biyar amsa biyar za ka samu, kuma aikinka ne ka san wacce za ka yarda da ita da dalilin yardar.

Malaminmu na fiziks yana da ƙa'ida biyu da ba ya sassautawa. Ta farko, ba ka taɓa kalkuleta sai ka zana abin da ake magana a kai, ka cire shi daga duk abin da yake jikinsa, ka sa kibiya a kan kowane ƙarfi da yake aiki a kansa. Ta biyu, lamba ba ta tsayawa ita kaɗai. In ka rubuta 50 sai ya tambaye ka, "Hamsin ɗin me? Mita ko milimita ko buhu?" Ya kan soke amsa gaba ɗaya a kan haka ko da lissafin daidai ne. A lokacin muna ganin tsanani ne. Da na shiga aji biyu na tarar darasin daidaiton ƙarfi a jikin gini da darasin ƙarfin kayan gini duk a kan waɗannan ƙa'idoji biyu suke tsaye, kuma har zuwa aji biyar ban ga lissafin da ya fita daga cikinsu ba.

Shiga aji biyun ma ba ta zo da sauƙi ba. Ka tarar da mutane sun shekara tare, sun san malamai, sun san inda ake samun tsofaffin tambayoyi, sun riga sun kafa ƙungiyoyin karatu, kai kuma baƙo ne mai neman ɗakin lacca. Sau da yawa sunayen 'yan shiga kai tsaye ba sa fitowa da wuri, sai ka zo an yi nisa. Zanen injiniya ya fi komai ba ni wahala, domin sharar fage ba ta koya mana riƙe allon zane ba. Wani ɗan ajinmu da ya fito daga kwalejin fasaha shi ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake kallon abu ta gaba da ta sama da ta gefe, ni kuma ina biya masa kalkulas. Masu difloma sun fi mu sanin aiki da hannu nesa ba kusa ba, mu kuma mun fi su sabo da lissafi, kuma duk wanda ya gane haka da wuri ya huta.

Babban abin da na fita da shi daga waccan shekara shi ne ɗabi'ar ƙiyasi kafin lissafi. Kafin ka nemi amsa ta ƙarshe, ka san kusan inda za ta faɗa. Mita ɗaya ta ko'ina na kankare ya kai kimanin kilo 2,400. Saboda haka dakin, wato rufin kankare, mai kaurin milimita 150 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita tun kafin a ɗora masa komai. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, dakin ɗinsa kaɗai ya haura tan 7. Tankin ruwa mai lita 1,000 da ake ɗorawa a saman bene bayan an gama gini, tan guda ne cur. Wanda waɗannan lambobi suka zauna a kansa, in kwamfuta ta ba shi amsar da ba ta yi kama da gaskiya ba, jikinsa zai ba shi kafin ya buga zane. Manhajojin tsara gini suna da amfani ƙwarai, ina aiki da su kullum, amma duk abin da ka zuba musu shi za su sarrafa su mayar maka cikin tebur mai kyan gani.

Ga wani misali da nake yawan haɗuwa da shi. Mai gida ya zo ya ga fila a tsakiyar falo, ya ce a cire ta domin yana son fili. A idonsa ginshiƙi ɗaya ne aka rage. A lissafi kuwa, bim, wato dogon kankaren da yake kwance a kan ginshiƙai, wanda yake tsallake mita 3 yanzu zai tsallake mita 6. Ƙarfin da yake neman lanƙwasa shi ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, domin da murabba'in tsawon yake tafiya. Lotsawarsa a tsakiya kuma, in ba a sauya girmansa ba, ninki 16 ce. Haka batun rodi yake. Ɗan kwangila zai ce babu mai 16 a kasuwa, a sa mai 12, ai milimita huɗu ne kawai tsakani. Amma faɗin bakin rodi mai 16 kimanin murabba'in milimita 201 ne, na mai 12 kuma 113, wato an zubar da kusan rabin ƙarfen. Lissafin da'ira ne na ƙaramar sakandare, sai dai a wannan karon akwai iyali da za su kwana a ƙarƙashinsa. Kankare yana jure danni sosai, amma wajen ja raunin gare shi, abin da yake iya ɗauka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin danninsa ba. Rodin shi ne yake riƙe wannan ja, in aka rage shi babu wani abu a bayansa.

Darasin ƙasa ne ya fi sauya mini tunani. Siminti da rodi kamfani ne ya yi su, an san ƙarfinsu. Ƙasa kuwa yadda Allah ya yi ta haka za ka same ta, kuma tana iya bambanta tsakanin kusurwa biyu na fili ɗaya. Mun yi ta murza laka a tafin hannu muna neman inda za ta fara tsagewa, muna daka ƙasa a cikin gwangwanin ƙarfe muna neman yawan ruwan da zai sa ta fi matsewa. Marmara da jar ƙasar da muke da su a yawancin Arewa suna da kyau wajen cikon hanya in an daddanne su yadda ya dace. Amma a sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani. Gini ko kwalta da aka ɗora mata ba tare da an gyara ta ko an kai harsashi ƙasa sosai ba, tsagewa zai yi ko nawa aka kashe a samansa. Tun daga nan, in na ga bango ya tsage, ƙasa nake fara kallo da inda ruwan sama yake bi, kafin in zargi birkila.

A aji huɗu ake tura ɗalibi wata shida na koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES. Ni a wani ginin bene na yi nawa, kuma a can na gane cewa rigimar kowace ranar zuba dakin a kan ruwa take. Leburori suna son kankare mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ɗiba da kwano, ya fi saurin bin lungun katako. Suna da gaskiyarsu, duk wanda ya hau bene da kwanon kankare a ka cikin rana zai fahimce su. Amma siminti ruwa kaɗan yake buƙata ya kama, ragowar in ya bushe ƙananan ramuka yake bari a ciki, ƙarfin ya ragu. A aikin yau da kullum buhu mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da kimanin lita 25 ba, jarka ɗaya ke nan, har da damshin da yake cikin yashi. Babban birkilan wurin, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya kan ce, "Injiniya, kankaren nan ya yi tauri, a ɗan sake masa." Ni kuma in ce, "Baba, a yi haƙuri a bar shi haka, a kawo injin girgizawa ya zaunar da shi." Ranar da sakamakon gwaji ya dawo na kai masa takardar da kaina. Ana cika ƙananan akwatuna masu milimita 150 da kankaren, a jiƙa su a ruwa, a matse wasu a kwana 7, sauran a kwana 28. Ya duba, ya yi tambayoyi masu ma'ana, daga ranar shi yake tsawata wa yaransa a kan tiyo.

Shi kuma ya koya mini abubuwan da babu su a lacca. Da ido yake gane yashi mai laka, ya damƙa a hannu ya buɗe ya ce wannan ba zai yi ba. Shi ya nuna mini yadda ake duba turakun da suka tokare katakon dakin kafin a fara zubi, da yadda ake tabbatar an sa 'yan biskit, wato ƙananan gutsattsarin kankare, a ƙarƙashin rodi domin kankare ya lulluɓe shi kada tsatsa ta ci. Takardar digiri ba ta ba ka ikon raina mutumin da ya shekara talatin yana gini. Ita ma shekara talatin ɗin ba ta sauya lissafin rodi. Aikin injiniya a fili shi ne ya riƙe biyun tare, ya faɗi gaskiya cikin ladabi, kuma ya ƙi sa hannu a inda bai gamsu ba ko da ran mai kuɗi zai ɓaci.

Wannan ƙin sa hannu ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutane fiye da 40 suka rasu. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai a Jos suna cikin aji. A Satumbar shekarar kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Duk lokacin da irin wannan labari ya zo, a zaurukanmu na tsofaffin ɗalibai ba a cika yin surutu ba, kowa tunanin aikin da yake hannunsa yake yi. Ni kan koma in sake duba zanen da na riga na duba.

Ƙannena da 'ya'yan maƙwabta suna zuwa neman shawara a kan sharar fage, kuma ba kowa nake ce wa ya je ba. Wanda zai tafi domin ya tara maki kawai, ya haddace tsofaffin tambayoyi ya tsallake, zai iya samun gurbin, amma ramin da ya baro a lissafi yana nan yana jiransa a aji uku, inda ake nazarin ƙarfin gini da tafiyar ruwa a bututu da magudana. Wanda kuma zai yi amfani da watannin ya zauna da lissafin kusurwoyi da kalkulas da ilimin motsi har su zama nasa, wannan ina ƙarfafa masa gwiwa ƙwarai. Ina kuma ce wa iyaye su je da ƙafarsu su tabbatar cibiyar tana da rajista da hukumar jarrabawar, domin akwai masu buɗe shago su kira shi makaranta. Su tambayi jami'ar da ake so ko tana karɓar sakamakon a sashen injiniya, da makin da take nema a shekarar, su kuma duba ko digirin sashen yana da amincewar COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Bayan digiri da bautar ƙasa akwai sauran shekarun aiki a ƙarƙashin injiniya mai rajista kafin a ba mutum hatimin kansa, kuma a wannan matakin nake yanzu, a wani aikin kwalbatoci da magudanan ruwa da muke son kammalawa kafin damina ta sauka.